Lahiya Lau Ba Amsa Ba Ce

Litinin, 14 ga Afrilu 2025

Yau muka fara horon nan na kare yara, furmasiyo ta mako guda. Ni Saratu, da na tsufa riƙe da alli, wai ni za a zaunar a koya wa yadda ake kula da yaro. Da diraktanmu Malam Issoufou ya ce ni lakwal, makarantarmu, ta zaɓa, sai da na tambaye shi ko wani ya kai ƙarata ne. Ya yi dariya ya ce, "A'a Madam, muryarki ce ke kaiwa har kasuwar Katako, in kin koyo kowa ya ji." Ni ban ga abin dariya ba.

Ɗakin cike yake: malamai, ma'aikatan jinya, masu gidajen renon yara, har da ƴan sanda mata biyu. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun da safe, panka ta tsaya, kowa na ta fifita da kaye, littafin rubutu.

Mai koyarwar sunanta Madam Hasiya, ƴar Damagaram, tana aiki a ofishin kare yara. Ƴar siririya, murya ƙasa-ƙasa. Na ce a raina wannan ko aji ɗaya ba za ta iya riƙewa ba.

Ta shigo ta ce, "Ina kwananku?" Muka ce lahiya lau. "Ina gajiya?" Muka ce babu gajiya. Ta juya ta gaida Zabarmawa da harshensu, suka ce baani samay, lahiya lau ɗinsu ke nan. Sai ta ce, "To, wanda ya yi barcin kirki jiya cikin zahin ga, ya ɗaga hannu." Ko mutum ɗaya. "Wanda bai gaji ba fa?" Shiru. Muka fashe da dariya, gumi na zuba.

Ta ce, "Ku manya ke nan. To ɗiyan da muka koya ma gaisuwa tun kahin su iya tahiya fa? Ko hannu ya karye, in ka ce ma yaro lahiya, lahiya lau za ka ji. Gaisuwa ce, ba tambaya ba."

Ban so abin ya burge ni ba, amma ya burge ni.

Talata, 15 ga Afrilu

Na sha kunya yau. Aka raba mu bibbiyu, ɗaya yaro ɗaya babba. Aka haɗa ni da wani Yacouba, ma'aikacin jinya, ƙato mai gemu, shi ne yaron. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Madam, jiya a gida…" Kafin ya kai aya na ce, "Wa ya buge ka? Babanka? Mi ka yi mishi? Buɗe baki ka yi magana!"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Yacouba ya ce wallahi da shi yaron gaske ne da ya tsallake taga.

Madam Hasiya ba ta yi dariya ba. Ta ce na sa masa sunan mai laifi a baki, na kuma ɗora masa laifin, duk cikin numfashi ɗaya. Ta ce in sake, amma in ya yi shiru in bar shirun ya zauna. Na sake. Shirun nan kamar an ɗora mini turmi a ƙirji. Na cije leɓe har ya yi zafi.

Da na dawo gida na ba maigidana Baban Salim labari. Ya ce, "Wadda za ta koya miki shiru, a ba ta lambar yabo ta ƙasa." Na ce ya ci tuwonsa.

Laraba, 16 ga Afrilu

Abin da na riƙe yau, don kada ya gudu:

Ba a yi wa yaro alkawarin rufe maganarsa. Ba a zuwa gidansu a yi faɗa. Ba a tara jama'a a kansa. A faɗa masa ba laifinsa ba ne, sannan a kai maganar ga masu aikin.

Na biyun nan ne ya tsaya mini a wuya. Na ɗaga hannu na ce, "Wato in ga an azabtar da yaro in naɗe hannu?" Ta ce, "Madam Saratu, ke ki yi faɗanki ki koma gidanki ki sha ruwan sanyi. Shi fa? Ina zai kwana?"

Na sauke hannu. Haushi ya ishe ni, na rasa wanda zan sauke wa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

An yi maganar alamomi: yaron da ya daina wasa, mai barci a aji, mai firgita in an ɗaga hannu kusa da shi, mai rufe jiki ba lokacin sanyi ba. Tana faɗin na ƙarshen nan wani suna ya faɗo mini a rai.

Zuwera.

Ƴar ajina ce, shekararta takwas, tana riƙo a gidan kawunta a nan unguwar Dar es Salam, uwarta tana ƙauye can wajen Tahoua. Tun da aka dawo hutu take zuwa da rigar sanyi mai dogon hannu, ja, a wannan zafin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Da ita ce uwar tafa-tafa a filin wasa, yanzu sai jingina da bango. Na tambaye ta ba sau ɗaya ba, "Zuwera lahiya?" Ta ce lahiya lau Madam. Na wuce abina.

Ban ci shinkafar da aka raba ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu

An rufe horo, an ba mu takardar shaida, an ɗauki hoto. Na fito da ido ɗaya a rufe. Na karɓi lambar Madam Hasiya. Ban faɗa mata komai ba, don ban san komai ba tukuna.

Talata, 22 ga Afrilu

An koma aji. Rigar tana nan.

Da aka fita shan iska na ɗauki mangwarona da wuƙa na je na zauna a bencin da ke kusa da bangonta. Ban gaishe ta ba. Ni da ko akuya na gani a hanya sai na tanka mata! Na yanka, na miƙa mata ɓari. Ta karɓa da hannu biyu ta ce na gode. Muka ci. Aka buga ƙararrawa.

Shi ke nan abin da ya faru. Na dawo gida kamar wadda ta yi dakan gero.

Laraba, 23 ga Afrilu

Mangwaro kuma. Yau na ce, "Ni kam zahi nike ji." Ta dubi rigarta, ta ja hannun ya ƙara sauka. Tambayoyi sun cika mini baki fal, na haɗiye su da mangwaron.

Malama Khadija ta ajin kusa ta tambaye ni ko haƙori ke damuna, wai ba ta ji muryata ba tun safe.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Ya Allah.

Ita ta riga ni zama a bencin. Muna cikin ci, ba ta dube ni ba, ta ce, "Madam, in ƙanƙara ta narke, laihin wa ne?"

Na kusa cewa wace ƙanƙara, wa ya ce laifinki ne, duk irin nawa. Na tuna da gemun Yacouba, na kama bakina. Na ce, "Laihin rana ne. Da kuran da ke ɗaukewa." Na yi shiru.

Shirun ya daɗe. Sannan maganar ta fara fitowa gutsi-gutsi. Matar kawunta tana sayar da ƙanƙara da zoɓo. In an tashi lakwal Zuwera ke ɗaukar kula ta zaga unguwa. Kwanakin nan kuran ba ya zama, ƙanƙarar ba ta daskarewa sosai, kafin a kai bakin titi ta zama ruwa. In ta dawo da ruwa, akwai wata wayar kuran da ke rataye bayan ƙofa.

Ita da kanta ta naɗe hannun rigar. Ba zan rubuta abin da na gani ba. Wasu sun bushe, wasu sababbi ne.

Ta ce, "Kar ki hwaɗa ma kowa, Madam. Ki rantse."

Nan ne ya fi kowane wuya. Da a da ne da na rantse har da dafa Alƙur'ani don ta daina kuka. Na ce, "Zuwera, ba ni yi miki ƙarya. Akwai wata mata da aikinta ke nan, ta tsare yara. Ita zan hwaɗa ma, da dirakta. Ƴan aji ba za su ji ba, ƴan unguwa ba za su ji ba. Kuma ba laihinki ba ne, ko kaɗan."

Ta saki rigar ta tashi ta bar ni da mangwaro a hannu. Ba ta sake dubana ba har aka tashi.

Matar kawun nan fa Hawa ce. Hawa da muke foyandi ɗaya, taron matan unguwa, muke zama tabarma ɗaya duk wata muna cin dambu muna shewa. Da na fita ƙofar lakwal ƙafafuna da kansu suka juya layinsu. Har na hango ƙofar gidan, shuɗiya. Na tsaya bakin wani mai shayi. Ina za ta kwana? Na juya, na kira Madam Hasiya.

Ta saurara har na gama, ta sa na maimaita mata kalmomin yarinyar yadda ta faɗe su, ba ƙari. Ta tambayi ko akwai ciwon da ke bukatar likita yau-yau, na ce ban ga mai jini ba. Ta ce za ta sanar da shugabanta yanzu, za su nemo dangin uwa kafin Litinin, don kada a ɗauke yarinya a rasa inda za a ajiye ta. Ta ce, "In kin ga wani abu kahin nan, ko wane lokaci ne, ki kira ni. Amma kar matar ta ji ƙamshin maganar ga. In ta ji, kahin mu zo an sa yarinya mota an kai ta inda ba mu sani ba."

Asabar, 26 ga Afrilu

Na je gidan Malam Issoufou da hantsi na faɗa masa. Ya cire hula ya shafa kai. Ya ce kawun yarinyar mutumin kirki ne, mai sayar da katako, sahu ɗaya suke sallah. Ya ce, "Madam, mu kira shi mu kashe wutar ga cikin gida. A rufa ma juna asiri."

Da Saratun da ce, da maƙwabtansa sun leƙo. Na ce masa a hankali, "Mushe, asirin wa za mu rufa? Na yarinyar a rufe yake tun tuni, da rigar sanyi." Na yi shiru, irin na Madam Hasiya. Ashe a kan manya ma yana ci! Ya yi ta juya hular a hannu, can ya ce, "To. Su zo. Ofishina a buɗe yake."

Na fito ina jin kamar in yi guɗa a titi.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Wannan ranar ba zan manta ta ba. Suna ake yi a gidan wata ƴar foyandinmu, ba halin in ƙi zuwa. Ina shiga, wa zan gani tana raba zoɓo? Hawa, ta sha lalle da sabon leshi, fara'a har kunne. Ta taho ta rungume ni.

"Madam Saratu! Ina aiki? Ina ɗiyan lakwal? Ina ɗiyata Zuwera, tana ƙoƙari dai ko?"

Ɗiyata! Jini ya hau mini ka. Ga mata cike da tsakar gida, ga maganar a kan harshena, da na sake ta da Yamai kaf ta ji kafin la'asar. Hannuna har ƙaiƙayi yake.

Na dube ta cikin ido na ce, "Lahiya lau."

Ta ce madalla, ta miƙo mini zoɓo mai ƙanƙara. Na karɓa na ajiye ƙarƙashin kujera har ya huce.

A hanya na yi ta dariya ni kaɗai kamar sabuwar mahaukaciya. Kalmar da ta rufe mini ido wata guda, yau ita ta rufe wa Hawa nata. Tun da nake gaisuwa ban taɓa faɗin lahiya lau mai daɗin wannan ba.

Litinin, 28 ga Afrilu

Zuwera ba ta zo ba.

Na kira suna, wurinta wayam. Alli ya karye a hannuna. Na ce shi ke nan, ko ta faɗa a gida don tsoro, ko Hawa ta karanci fuskata jiya. Na kira Madam Hasiya, ta ce suna hanya, in ba ta zo ba gidan za su wuce kai tsaye.

Ana cikin karatun safe sai ga inuwa a bakin ƙofa. Jar riga. An aike ta ɗibar ruwa ne ta makara. Ta tsaya tana jiran faɗan makara, don ta san halina. Na ce, "Shigo ki zamna." Ƴan aji suka dubi juna.

Madam Hasiya ta zo da wata abokiyar aikinta, ba mota mai tambari, ba hayaniya. A ofishin dirakta suka zauna da ita. Zuwera ta ce sai in ina nan, na zauna gefe ban ce uffan ba. Madam Hasiya a ƙasa ta zauna, kan tabarma, da zanenta mai kyau. Daga nan aka wuce likita aka duba ta.

Ashe kakarta ta wajen uwa tana nan unguwar Zongo, tsohuwa mai sayar da turaren wuta. An hana yarinyar zuwa wurinta tun bara. Can za ta kwana yau.

Kafin su tafi Zuwera ta matso ta ce, "Madam, kin hwaɗa." Na ce, "Na ce miki zan hwaɗa." Ta ce, "I, kin ce." Ba ta yi murmushi ba, amma ta bar ni na gyara mata ɗankwali.

Laraba, 30 ga Afrilu

Kawun ya zo lakwal da faɗa, wai an ci masa mutunci, an shiga gidansa ba sallama. Na ji muryarsa daga aji, na miƙe. Sai na ji Malam Issoufou, wanda ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi, yana cewa, "Alhaji, ka je ofishinsu su gwada maka takardar likita, sannan ka dawo mu yi magana." Na koma na zauna. Ba a bukace ni ba, abin har ya ɗan ba ni haushi.

Juma'a, 2 ga Mayu

Kawun ya je ya gani. An ce a ofishin ya yi kuka, ya ce shi daga Katako sai barci, bai taɓa tambayar rigar ba. Na yarda, don ni ma na san yadda ake kallon rigar nan a wuce. Maganar Hawa tana hannun masu shari'ar yara, ba tawa ba ce kuma. Uwar Zuwera ta iso daga ƙauye jiya, an amince yarinyar ta zauna gun kaka ta ci gaba da lakwal.

Asabar, 10 ga Mayu

Foyandi. Hawa ba ta zo ba. Wasu sun ja mini fuska, wata ta yi habaici a kan malamai masu shiga sharo ba shanu. Na ci dambuna har da ƙari. Da za a watse wata ta ja ni gefe ta ce akwai wani yaro a layinsu da ba ta gane masa ba, ko zan ba ta lambar matar nan. Na ba ta, na kuma ce kada ta tambaye shi lahiya.

Litinin, 12 ga Mayu

Ba rigar sanyi! Riga mai gajeren hannu, ta atamfa, kakar ta ɗinka mata. Tabon yana nan, ta bar shi a fili. Da wata ta tambaye ta, ta ce ciwo ne kuma ya warke, suka ci gaba da tafa-tafa.

Alhamis, 15 ga Mayu

Malam Issoufou ya sa na tara malamai na koya musu abin da na koyo. Na fara da "Ina gajiya?" suka ce babu gajiya, na kama su yadda aka kama mu. Na sa Malama Khadija ta zama babba, dirakta ya zama yaro. Ta katse shi tun bai rufe baki ba. Na ce mata, "Haba Khadija, ki bar shiru ya zamna mana." Ta ce, "Ikon Allah! Yau Saratu ke hwaɗin haka?" Aka yi ta dariya. Su yi ta yi.

Talata, 20 ga Mayu

Da safe ina tsaye bakin aji suna shiga ɗaya bayan ɗaya. Baki ya saba, na ce, "Zuwera, an kwana lahiya?"

Ta tsaya, ta ɓata fuska ta ce, "A'a Madam. Sauro ya cije ni, kuma kaka minshari take yi."

Wayyo daɗi! Na rungume ta har ta ce in sake ta. Yaran suka zaci na zare. Wa ya taɓa murna don yaro bai kwana lafiya ba? Na aika wa Madam Hasiya saƙon murya, ta amsa da guɗa. Ashe siririyar nan tana da murya, ɓoyewa take yi.

Asabar, 24 ga Mayu

Ba wani labari. Wanki, kasuwa, kuran ya ɗauke ya dawo. Hadari ya taso ta gabas ya watse.

Da la'asar ina tsinke zogale Baban Salim ya shigo ya ce, "Sannu da gida, ina gajiya?" Na buɗe baki in ce babu. Ban san yadda aka yi ba na ji na ce, "Akwai ta. Na gaji ƙwarai." Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ba shi wannan amsar ba.

Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Na ɗauka zolaya zai yi. Sai ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya ɗauki reshen zogale ya fara tsinka, bai ce komai ba. Ganye da itace duk yake haɗawa, sai na sake tsincewa. Na bar shi.

Zafi ne kawai ya sa ni faɗi, ba wani abu ba. Amma mun daɗe a zaune, kuma ni na yi ta magana.